Sun Ce Baba Ya Sayar da Ruwa

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Wannan ban taɓa ja da shi ba, ko ranar da likita ya fito ya ce mana surukina ya cika ban ja ba. Abin da nake ja da shi, har ya sa na zauna rubutu ni da ko saƙon waya ba na son rubutawa, maganar da aka yi ce a falona ranar addu'ar uku.

Gidanmu a unguwar Parkchester ta Bronx, nan New York, ɗaki biyu ne da falo, a hawa na biyar. Ranar mun jingine kujeru jikin bango mun shimfiɗa dardumai, maza suka cika falo, mu mata muka cushe a kicin da ɗakin yara, takalma suka yi tuli a bakin ƙofa har sai mutum ya yi tsallake. Mutane sun zo, ba zan ci haƙƙinsu ba. Direbobin tasi abokan maigidana sun ajiye motocinsu a lokacin da aka fi samun fasinja. Wani Ba'adare mai sayar da huluna da safar hannu a bakin tashar jirgi, wanda Baba, surukin nawa, yake zama wurinsa da hantsi, ya naɗe teburinsa ya zo ya raɓe a lungu yana goge ido da bakin rawani, ba abin da yake maimaitawa sai cewa tsohon ga bai da mugun abu cikin rai nai. Maƙwabciyarmu 'yar Zangon Kumasi ta shigo da tukunyar shinkafa da wake da ta fi ƙarfin murhuna, ta ce tun rasuwar mahaifinta ba ta yi kuka irin na wannan makon ba. Waɗannan duk a nan suka san shi, shekara biyar kacal.

'Yan garinmu da ke ƙasar nan gida shida ne, babbansu kuwa Baffa, taubashin Baba, wanda ke zaune a unguwar Stapleton. Da aka shafa addu'a sai ya gyara murya, ya ce ya yi waya da mutanen gida, kuma da bakin gari duka zai yi magana.

"Abin da ya wuce ya wuce," in ji shi. "Maganar ruwan nan, mun yafe masa duniya da lahira. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Falo ya ɗauka da amin. Har maigidana ya ce amin, kansa a ƙasa, don bai san abin da zai ce ba in ba ita ba. Ni kuwa ina tsaye a bakin kicin da ludayi a hannu. An yafe masa. Mutumin da aka shafa wa kashin kaji shekara ashirin da ɗori, aka hana shi sakat har ya baro ƙasarsa ya zo ya mutu a garin da bai iya ko gaisuwarsu ba, shi ne aka yi wa alfarmar yafiya, don a tabbatar masa da laifin ko a cikin kabari. Na koma na ci gaba da zuba abinci, abin da aka san ni da shi ke nan.

Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuma zan fara yau ba. Baba nake ce masa. Maginin rijiya ne, sana'ar gidansu ce tun kaka da kakanni. In ka cire rijiyoyi biyu da mahaifinsa ya gina, duk wadda aka taɓa jefa wa guga a garinmu aikin hannunsa ce, har da ta ƙofar gidanmu da na buɗi ido na gani. Mu yara mun ɗauka yana da aljanu, alhali haƙuri ne da shi da sa ido. Yakan fita kafin rana ta ɗago ya duba inda raɓa ta fi daɗewa a kan ciyawa, inda gara ta yi suri, inda baure ya tsiro ba wanda ya shuka shi. Sai ya tona kaɗan, ya ɗanɗana ƙasar a harshe, ya tofar, ya ce wa mai gida za a tarar da ruwa a zurfin gaba goma sha ɗaya. In ya ce sha ɗaya, ka sayi igiyar sha biyu ka huta.

Yakan ce mahaifinsa ya hore shi da abu biyu ranar da ya miƙa masa dagi. Na farko, kada ya kuskura ya shiga rijiya yana cikin fushi. Na biyu, duk wanda ya tambaye shi inda ruwa yake ya nuna masa, ko baƙo ne, ko maƙiyi, don ba shi ya ajiye ruwan a wurin ba. Na biyun nan shi ya ja masa.

Ina 'yar shekara goma sha biyu 'yan kamfanin kwal suka zo da motocinsu da hulunan kwano. Sun riga sun gano kwal a ƙarƙashin dutsen da ke gabas da gari. Suka tambayi dagaci wa ya san ƙasar nan, dagaci ya turo su wurin Baba. Kwana uku yana yawo da su, yana nuna musu inda ruwa ke kusa da inda yake nesa, inda ake cin karo da marmara, inda yashi ke ɗauke da ruwa, su kuma suna rubutawa. Shi a zatonsa rijiya za su gina wa ma'aikatansu. Su kuwa so suke su san ta inda ruwa zai shigo musu rami. Da za su tafi suka ba shi riga, farar shadda mai aiki a wuya, ya sa ta ranar Sallah kowa ya yaba. Innata ma ta yaba, da kunnena na ji.

Haƙar tasu ba irin wadda ake yaye saman ƙasa ba ce. Huda suka yi a gindin dutse, suka nutsa, suka bi ta ƙarƙashin gonaki har ƙarƙashin unguwar gabas, muna kwance a samansu ba mu sani ba. Rami kuwa in yana ƙasa da ruwa, ruwan gangarowa yake cikinsa, in ba a zuƙe ba ma'aikata su nutse. Saboda haka suka kafa injina da ba a kashe su ko ranar Juma'a, suna zuƙowa suna watsarwa ta wani ƙaton bututu cikin rafinmu. Ba wanda ya zo ya gaya mana cewa ruwan da suke zubarwa shi ne wanda gugarmu ke ɗebowa.

A shekara ta biyu aka fara ƙara igiya a rijiyar masallacin gabas. Aka ƙara gaba ɗaya, aka ƙara biyu, sai guga ta fara dawowa da laka, daga baya ta dawo a bushe. Daga nan abin ya bi gari daga gabas zuwa yamma, gida bayan gida. Bangaye suka fara tsagewa. A gonar kawuna ƙasa ta lotsa har sai da jaki ya karye a ciki. Rafin da ba mu taɓa ganin gindinsa ba, daga saman bututu ya ɗauke da rani, daga ƙasan bututu kuma ya koma ja kamar an wanke tsohuwar fartanya a ciki. Kifi ya taso sama. Albasar fadama ta ƙone a tsaye. Shanun Fulani su zo su shinshina su juya, har Fulanin suka canja burtali. In kika wanke farin mayafi a ciki, kin yi bankwana da farinsa.

Mu 'yan mata muka ɗauki nauyin. Tafiyar awa biyu ce zuwa wata ƙorama ta bayan dutse, awa biyu dawowa da tulu a ka, sannan a ce ki tafi makaranta. Da yawanmu a nan karatu ya tsaya. Har yau in sanyin New York ya kama, a wuyana nake fara ji.

Ban san wadda ta fara faɗa ba, amma na san a bakin rijiya aka fara, cikin mata masu jiran guga ta tara abin da bai kai ludayi ba. Aka ce ai shi ya nuna musu idon ruwa, sun ba shi riga ya sayar da gari. Kafin wata ya zagayo maganar ta zama gaskiya. Kuma ni na san dalili. Kamfani yana da ƙofar ƙarfe da mai gadi, rabin mazan gari kuma can suke aiki, ba wanda zai zagi inda tuwonsa ke fitowa. Baba kuwa dangar zana ce da shi, in ka yi magana a titi sai ta faɗa tsakar gidansa.

Abin da ya yi shi ke ƙona min rai. Maimakon ya tara gari ya kare kansa, sai ya ɗauki dagi yana da shekara sittin ya koma cikin rijiyoyin, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya kira shi. Ya yashe, ya ƙara zurfi, ruwa ya tsattsafo a yi murna mako biyu, ya sake gudu. Wata rana ya fito daga ta masallaci jikinsa duk laka ya ce ya kara kunnensa a bango ya ji gurnanin injin a ƙasansa, ya ce ko ya haƙa har ya gaji ba zai riga su ba. Sau uku yana zuwa ofishinsu. Aka ce masa ƙarancin damina ne. Ya ce ya ga fari uku a rayuwarsa, har wanda ya kashe shanu, rijiyar masallaci ba ta taɓa ƙafewa ba. Aka ce to za a duba. Suka fara turo tankar ruwa sau biyu a mako, mata na dambe a gindinta, bayan 'yan watanni ita ma ta ɗauke ƙafa.

Rigar kuwa, ya sa almakashi ya yanka ta gunduwa-gunduwa ya bi gidaje yana rabawa, ya ce shadda ce mai kyau, za ta yi tace ruwan rafi. Mutane suka karɓa, suka tace ruwa da ita, sannan suka ce ga shi nan, laifinsa ne ya dame shi. Da ya shiga rijiya an ce laifi ne ya sa shi. Da ya yi shiru an ce mai gaskiya ba ya shiru. Ba abin da zai yi a garin nan da ba za a mai da shi shaida ba.

Kamfani ya yi kusan shekara goma ya kwashe kayansa ya tafi, ya bar bakin ramin a toshe da langalanga. Da aka kashe injina ruwa ya fara dawowa, bayan damina uku guga ta sake jiƙa. Sai dai ruwan da ya dawo ya kwana cikin ramin kwal, ya fito da tsami da warin ƙarfe. Sabulu ba ya kumfa a cikinsa. In ka dafa shayi da shi sai ya yi baƙi kamar tawada. Butar ƙarfe ba ta shekara. Har yau haka yake, har yau kuma daga gindin dutse wani jan ruwa na tsiyaya cikin rafi ba dare ba rana. Ba wanda ya taɓa cewa ya yafe wa kamfani, don ba wanda ya taɓa zuwa neman yafiyar.

Lokacin da ɗansa ya nemi aurena Innata ta yi wata guda tana gaishe ni da ka. Daga baya muka taho nan. Da matar Baba ta rasu, ƙirjinsa kuma ya fara damunsa saboda shekarun da ya yi yana shaƙar iskar gindin rijiya, maigidana ya yi masa takardu ya ɗauko shi. A gida suruka da suruki ba sa haɗa hanya, in kin hango shi ki kauce, in ya yi magana ki durƙusa ki duba ƙasa. To a gida mai ɗaki biyu da banɗaki ɗaya ina za ki kauce? Haka muka yi ta wasan ɓuya a lungun da bai fi taku uku ba, shi yana gyaran murya kafin ya fito, ni ina komawa kicin da baya. Na yi masa girki, na auna masa magani, na kai shi asibiti, tunda aikina ke nan a gidajen tsofaffin wasu, amma a shekara biyar ba na jin mun yi hirar da ta kai minti goma.

Ya iso ne gab da guguwar nan da ta cika hanyoyin jirgin ƙarƙashin ƙasa da ruwan teku. Yana zaune gaban talabijin aka nuno injina suna zuƙe ruwan, sai ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashi, ya ce wa ɗansa ai ya san wannan ƙarar. Ya tambaya ina suke kai ruwan, aka ce teku ake mayar wa kayanta. Ya tambaya ko akwai masu rijiya a saman ramin, aka ce babu. Ya ce to madalla, ya koma ya zauna.

Famfo ya daɗe bai yarda da shi ba. Ba ya shan ruwa sai ya ɗaga kofin ya duba ta taga, ya shinshina, ya ɗanɗana a bakin harshe. In ana jiran ruwan zafi ya zo, na sanyin da ke zuba sai ya tare shi a bokiti. Galan-galan na madara kuwa bai bar ko ɗaya ya tafi shara ba, sai ya wanke ya cika ya jera a bayan ƙofa da ƙarƙashin gado, har jikokinsa suna tsokanarsa da cewa Kaka zai buɗe shago. Ni ma na yi ƙorafi wurin maigidana, ba zan ɓoye ba. A masallacin unguwa ma ya yi suna, don in ya ga mutum ya saki famfo yana alwala yana hira, sai ya miƙa hannu ya rufe ba tare da ya ce kanzil ba, ko da limami ne.

Sai ga wani hunturu bututu ya fashe aka rufe wa gininmu ruwa kwana biyu. Kafin mu farga, tsohon nan mai tari ya ɗauki galan biyu-biyu yana bin ƙofofi yana ƙwanƙwasawa. Akwai wata tsohuwa 'yar Dominika a ƙarshen lungu da ba ta iya fita, ba ta jin yarensa ba ya jin nata, sai da ya kai mata shida. Daga baya duk Juma'a sai ta aiko masa da ayaba soyayya, shi kuma ya ci ko ba ya so. Maƙwabciyarmu 'yar Kumasi kuwa silin ɗinta ya yi wata uku yana ɗiga, mai kula da gini ya fasa bango wuri biyu bai gano ba. Baba ya sa aka kashe rediyo, ya bi bango da kunne kamar yadda likita ke bin ƙirji, ya sa yatsa ya ce nan. Nan ɗin ne kuwa. Ita ce ta riƙa gaya wa duk wanda ya zo ta'aziyya wannan labarin.

Wata Lahadi da bazara maigidana ya ce zai nuna masa inda ruwan famfonmu ke fitowa, don ya taɓa kai fasinja can. Muka yi tafiyar sama da awa biyu arewa, cikin duwatsu da itatuwa, muka tsaya a bakin wani tafki da ba a ganin ƙarshensa. Ga shinge, ga alluna, ga motar masu tsaro na zagayawa. Maigidana ya bayyana masa cewa birnin ya sayi filaye masu yawa a kewayen, an hana wanka a ciki, an hana zuba ƙazanta, ko gini za ka yi a kusa sai an zo an duba abin da zai yi wa ruwan. Baba ya daɗe yana kallo, hannunsa a kan shinge.

"Ashe an sani," ya ce. "Ni na ɗauka su ma ba su sani ba ne."

Duk shekarun nan yana yi wa kamfanin uzuri a ransa, yana cewa ƙila kuskure ne irin na ɗan Adam. Ranar ya gane cewa masu karatun da suka iya auna dutse sun san abin da rami ke yi wa rijiya tun kafin su sauko daga mota, sun dai duba mu ne suka ga ba sai an yi mana shinge ba. Har muka iso Bronx bai ci abincin da na ƙunso ba.

Sau ɗaya na ga ya yi faɗa. Suna ake yi a unguwar Highbridge, an cika zaure, ana raba ruwan gora. Baba ya buɗe nasa ya shinshina kamar yadda ya saba. Baffa yana daga can gefe, sai ya fake da wasan taubasantaka ya ɗaga murya ya ce, Sarkin ruwa, wannan kuma riga nawa za a ba ka a kansa? Aka fashe da dariya, don kowa ya san maganar taubashi ba a fushi da ita komai zafinta. Baba ya rufe gorar a hankali ya ajiye.

"Ni kwana uku na yi ina nuna inda yake," ya ce. "Kai shekara bakwai ka yi kana zuba wa injin mai. A je a tambayi injin wa ya fi sani a cikinmu."

Gaskiya ce da duk ɗan garinmu ya sani: Baffa ne ke kula da injinan, shi ke tashinsu in sun mutu. Amma kafin a watse magana ta juya, aka ce tsoho ya kasa ɗaukar wasa, ya kunyata ɗan'uwa a bainar jama'a. Shi ma da muka dawo ya kasa zama. Washegari ya sa ɗansa ya kira masa Stapleton, ina ji daga kicin yana ba Baffa haƙuri, yana cewa shi ma neman abinci ya kai shi, bai kamata ya tona ba. Ya ba da haƙuri! Na ƙona miyata ranar saboda takaici.

Baffa, ni 'yarka ce, ka yi min afuwa in na yi rashin kunya. Ban ce kai ka kashe rijiyoyin ba. Kana da iyali, an ba ka aiki ka karɓa, da ka ƙi wani zai yi. Amma wanda ya san wannan uzurin a kansa, ya kasa yi wa ɗan'uwansa ko rabinsa, bai kamata ya zauna a kan dardumata ya raba yafiya da sunan gari ba. Ku mutanen gida kuma da kuke ta turo saƙon murya kuna cewa Allah ya yafe masa abin da ya yi, ku faɗa min abin da ya yi. Ya amsa tambayar baƙo da dagaci ya turo masa. Dagacin ya mutu da mutuncinsa, an yi masa tambari.

Na yi ta nuna mutane da yatsa, saura kuma ni.

Mako biyu kafin a kwantar da shi, da hantsi, yara suna makaranta, maigidana yana wurin aiki, ina wanke-wanke sai na ji gyaran muryarsa a bayana. Bai wuce ba kamar yadda ya saba. Ya tsaya a bakin kicin yana dafe da bango, numfashinsa na fita da ƙyar. Ya ce yana so ya tambaye ni wani abu, in ba zan ga rashin dacewarsa ba, tunda ni na ɗauki tulu a lokacin, ni na san wahalar.

"'Yar nan, ke ma kin ɗauka na sayar?"

Na kashe famfo. Na durƙusa kamar yadda aka koya min, na duba ƙasa, na yi shiru. A garinmu shirun suruka ladabi ne, kowa zai yaba min. Amma ni na san ba ladabi kaɗai ya riƙe min baki ba. Ina 'yar shekara sha uku, a kan hanyar ƙorama, wuyana kamar zai tsinke, na taɓa faɗar maganar da bakina, na ce Allah ya isa tsakaninmu da mai riga, ƙawayena suka ce amin. Na daɗe da sanin ƙarya ce, tun kafin in auri ɗansa, sai dai a durƙushen nan ina neman ta inda zan fara, in ce a'a ne ko in fara da faɗin abin da na taɓa yi. Ya jira ni, ya jira sosai. Sannan ya ce to, ba komai, Allah ya yi min albarka, ya ja ƙafa ya koma ɗaki.

Na ce gobe zan same shi in ya sha magani. Goben na yi aikin safe da na yamma. Jibi yara suna gida, na ji nauyi. Haka na yi ta turawa har ranar da motar asibiti ta zo, aka sa masa bututu a maƙogwaro, aka ba shi maganin barcin da bai farka daga shi ba. Na faɗa masa a can, bakina a kunnensa, ma'aikaciyar jinya ta ce wai wani lokaci suna ji. Ban sani ba ko lallashina take yi.

An binne shi a maƙabartar Musulmi ta New Jersey, cikin mutanen da bai sani ba. Maigidana ya ce ƙasar wurin ja ce mai danƙo, ya ce da Baba ne ke tsaye a bakin ramin da ya ɗanɗana ta ya faɗi zurfin ruwanta.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka da laka a farce. Ka sanyaya masa makwanci, ka haskaka masa kabari, ka shayar da shi daga tafkin Annabinka da yawan makogwaron da ya jiƙa, na mutum da na dabba. Waɗanda suka san abin da suke yi suka yi, kai ka san sunayensu, mu ba mu ma sani ba. Mu kuma da muka ci namansa, ka sa ya yafe mana, don mu ne masu nema.

Baba, a'a, ba ka sayar ba. Abin da zan ce ke nan, bai fi numfashi ɗaya ba, kuma kana tsaye a bakin kicin ɗina kana jira.